Yadda za ka zaɓa wa tsohuwar motar gudu salansa ba tare da ka kashe mata ƙarfi ba

Duk mai riƙe da irin tsofaffin motocin gudun nan, su MGB, Triumph TR6, Datsun 240Z, Jaguar E-Type ko Porsche 911 mai shan iska, wato wadda iska ce ke sanyaya injinta ba ruwa ba, ko ba daɗe ko ba jima sai maganar salansa ta taso masa, ko dai ta asali ta ruɓe ta fara huci ta ƙasa, ko kuma kawai ransa ya biya yana son ya ji motar tana magana da murya irin ta da. To a nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna da hannunsu, mutum ya kalli bidiyo a waya ya ji wata mota tana ruri, ya ga bututu ƙato mai ƙyalli, shi ke nan ya yi oda, kaya su iso a ɗaura, sai motar ta koma ba ta da kuzarin tashi, ga zafi a ƙafa, ga wani gunji a kunne da ba ya barin mutum ya yi tafiyar awa ɗaya lafiya. Ni abin da nake gani shi ne injin da ke cikin motar da irin tuƙin da kake yi su ne za su zaɓa maka salansa, kai naka kawai ka saurare su.

Fara da sanin ainihin abin da ke ƙarƙashin bonet ɗinka, kar ka dogara da shekarar da ke rubuce a takarda. Motar da ta shekara hamsin tana yawo hannu zuwa hannu da wuya a ce ba a taɓa canza mata wani abu ba. Ɗauki 240Z, injinta na asali L24 ne mai lita 2.4 kuma ramukan fitar hayaƙi na tof ɗinsa, wato kan injin, masu kusurwa huɗu ne, amma da yawa an sa musu inji ko tof na 280Z, wasu daga cikin waɗancan na baya-bayan kuma ramukansu zagaye ne, in ka sayo hedas, wato bututun da ke kwasar hayaƙi daga kowace silinda a bakin tof, na wannan ka ɗaura wa wancan bakin ba zai zauna daidai ba. MGB an yi ta daga 1962 har 1980 amma ba iri ɗaya ba ce duka, wajen ƙarshen 1974 aka koma bamba ta roba aka ɗaga motar sama kaɗan, sannan daga 1975 waɗanda aka kai Amurka suka koma kafireta ɗaya da manifol guda, wato ƙarfen da ke manne a jikin tof, wanda ya haɗa shigar mai da fitar hayaƙi a jiki ɗaya, irin wannan ba ka isa ka canza ɓangaren hayaƙi kaɗai ba sai ka taɓa ɓangaren kafireta ma. Sannan ka duba ta wane gefe sitiyarinka yake, domin sandar sitiyari tana bi ta gefen inji, hedas ɗin da ya shiga motar hannun dama lafiya lau yana iya cin karo da ita a motar hannun hagu. Ka ɗauki lambar inji, lambar da ke jikin tof, ka shiga ƙarƙashi ka ɗauki hotuna, kafin ma ka buɗe shafin masu sayarwa.

Yanzu maganar faɗin bututu, wadda ita ce ta fi cin mutane. Akwai masu cewa wai inji yana buƙatar a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi, wannan ba haka ba ne, toshewa ba ta taɓa amfanar inji. Abin da yake so shi ne hayaƙin ya fita da gudu. Duk lokacin da bawul ya buɗe, hayaƙi yana fita ne a dunƙule, dunƙulen nan in yana gudu sosai sai ya bar wani ɗan zuƙo a bayansa wanda ke taimakawa wajen jawo ragowar hayaƙin silinda ta gaba, har ma ya taimaka wa sabon mai da iska su shigo. Kamar tiyo ne na ruwa, in bakinsa ya yi faɗi da yawa ruwan zai riƙa zuba ne a sanyaye ba ƙarfi. Bututu in ya yi wa inji girma hayaƙin sai ya rage gudu ya huce a hanya, zuƙon nan ya ɓace, kuma inda za ka fi jin rashin shi ne a ƙananan juyi, wato daidai inda kake tuƙi kullum, tashi daga tsaye, hawan tudu, wuce wata mota a giya ta uku.

Kuma mutane ba sa lura da yadda lissafin yake tafiya. Daga inci 1.75 zuwa inci 2.5 a ido ƙari ne kaɗan, amma filin da hayaƙi ke bi a ciki ya ninka biyu ke nan. Injin MGB mai cc 1798 wanda ba a taɓa cikinsa ba, inci 1.75 ya ishe shi, in an yi masa aiki a tof an sa kam irin na tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, da manyan kafiretoci to a je inci 2. Masu silinda shida na lita 2.4 ko 2.5 irin 240Z da TR6, bututu guda na inci 2.25 yana musu kyau a titi, inci 2.5 kuma sai injin da aka gina don juyi mai yawa. In kana tsakanin girma biyu ka rasa na ɗauka kuma motar ta titi ce, ɗauki ƙaramin.

Ka duba lanƙwasa ma. Akwai lanƙwasar da na'urar lanƙwasawa ke matse bututun har cikin kwanar ya tsuke ya yi tamoji, akwai kuma wadda ake yi da mandiral, wato ana sa wani ƙarfe a ciki lokacin lanƙwasawa don faɗin ya zauna yadda yake tun daga farko har ƙarshe. Bututun inci 2 mai lanƙwasar mandiral zai iya fin mai inci 2.25 da aka matse shi a kowace kwana.

Sai manifol, shin a bar na asali na ƙarfen zubi ko a sa hedas? A nan ni ina da ra'ayi kuma ba na ɓoye shi, a kan injin da ba a taɓa ba sau da yawa manifol na asali ya fi zama alheri. Na MGB na farko-farko mai kafireta biyu da na Alfa Romeo Spider duk an san su da fitar da hayaƙi yadda ya kamata, ƙarfen zubi yana riƙe zafi a cikinsa, yana shanye ƙarar bawul, ba ya lanƙwashewa da wuri. Wanda ya cire shi ya sa hedas mai arha sau da yawa abin da ya ƙaru da shi bai wuce ƙara da zafi ba. Inda hedas ke biyan kuɗinsa shi ne injin da aka riga aka buɗe masa numfashi ta gaba, ko motar da manifol ɗinta na zamanin dokokin hayaƙi ne wanda aka yi shi a matse, ko kuma na asalin ya tsage ba a samun wani.

In ka yanke shawarar hedas ɗin, tsarin haɗuwar bututun yana da magana. A inji mai silinda huɗu wanda ke tashi 1-3-4-2, tsarin 4-2-1 yana haɗa ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su haɗu a ƙasa, wannan shi ke ba da ƙarfin ja a tsakiyar juyi kuma shi ya dace da titi. Tsarin 4-1 duka huɗun suke haɗuwa wuri ɗaya, ya fi nuna kansa can sama inda allurar juyi ke kusa da ja, abin filin tsere ne. MGB kuma nata daban ne, silinda ta 2 da ta 3 rami ɗaya suke rabawa, ramuka uku ke nan a tof ɗin, shi ya sa ake mata mai reshe uku wanda na tsakiyar ya fi tsawo. Masu shida a jere ana raba su uku-uku, 1-2-3 a gefe, 4-5-6 a gefe, sannan a haɗa.

Ga wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba amma yana hana mutane barci. A MGB da TR6 da 240Z, shigar mai da fitar hayaƙi duk a gefe ɗaya na inji suke, kuma akwai notuna da washa waɗanda ke danne manifol biyun a lokaci guda, rabin washa a kan wannan rabi a kan wancan. In farantin bakin hedas ɗin bai kai kaurin na manifol ɗin kafireta ba, washa za ta karkace, gefe ɗaya ya matsu ɗayan ya yi sako-sako, daga nan sai huci, ko iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba inji ya ƙi zama a silo. Don haka ka auna kaurin naka da kyau ka tambayi mai sayarwa kaurin nasa. Faranti mai kauri wajen milimita 10 shi ne ba ya lanƙwashewa da zafi, siriri kuwa ko ka canza gasket sau nawa zai sake huci.

Ƙarfen da aka yi salansar da shi fa? Tsohuwar mota ba kullum ake hawanta ba, kuma abin da ke kashe salansarta daga ciki yake fitowa, duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi, in ka tada mota minti biyar ka kashe, ko ka ɗan zaga ka dawo, bututun bai yi zafin da zai busar da ruwan ba sai ya kwanta a cikin tukunyar baya yana cin ta a hankali. Shi ya sa baƙin ƙarfe na gama-gari ke saurin ruɓewa a motar da ke yawan zama, duk da cewa muryarsa ta fi kauri da daɗi kuma ita ce ta fi kusa da yadda motar ta fito daga kamfani. Sitenles kuma kala-kala ne. Lamba 304 yana da kromiyam wajen kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne mai jure tsatsa sosai, da zafi sai ya koma ruwan zinariya ko shuɗi-shuɗi. Lamba 409 kromiyam ɗinsa wajen kashi 11 ne, yana yin jan tsatsa a sama amma ba ya hujewa da wuri. Lamba 321 an ƙara masa titaniyam don jure zafi mai tsanani, a hedas aka fi amfani da shi. In an ce maka 304 ne ka kai maganaɗisu jikin miƙaƙƙen wuri, in ya manne gam to ba shi ba ne, a wurin lanƙwasa dai yana iya ɗan ja kaɗan ko da na gaske ne.

Kaurin bango ma ka tambaya. Sitenles siriri na milimita 1.2 yana da wata ƙara mai kaifi kamar ana kaɗa gwangwani, musamman yana sabo, milimita 1.5 ya fi natsuwa a kunne kuma ya fi jure tsagewa. Sannan 304 yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, salansa mai tsawon mita 3 tana iya ƙara fiye da santimita ɗaya in ta yi zafi sosai, to dole robobin da ke rataye da ita su sami wurin motsi, in aka ɗaure ta ƙam ba sassauci a wurin walda za ta tsage.

Mu zo kan murya, tunda gaskiya yawancinmu saboda ita muke wannan hidimar. Tukwanen salansa iri uku ne a taƙaice. Akwai miƙaƙƙiya wadda bututu mai huji-huji ya ratsa ta, an kewaye shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, tana barin hayaƙi ya wuce ba tsayawa, tana shanye ƙara mai kaifi ta bar mai kauri, amma audugar tana ƙonewa da shekaru ƙarar ta riƙa ƙaruwa. Akwai mai ɗakuna a ciki irin ta Flowmaster, ta fi dacewa da manyan V8 na Amurka irin Corvette. Akwai kuma mai juya hayaƙi ya yi gaba ya dawo baya kafin ya fita, ita ce ta fi shiru kuma ita ta fi kama da ta asali. Masu son kamannin zamanin motar sukan nemi irin na Abarth, kamfanin da Carlo Abarth ya kafa a 1949, baƙar tukunya da bakin bututu masu ƙyalli, ko ANSA ta Italiya, waɗannan su ne aka riƙa ɗaura wa motocin tun suna sababbi, don haka ba sa zama baƙi a jikinsu.

Abin da za ka ji tsoro ba ƙarar da ke fita lokacin da ka taka mai ba ce, wannan ai ita ake so. Gunjin nan ne mai kauri da ke cika cikin mota in kana tafiya a gudu ɗaya a babbar hanya, galibi tsakanin juyi 2000 zuwa 3000 a minti. Inji mai silinda huɗu a juyi 3000 yana buga hayaƙi sau 100 a daƙiƙa, mai shida sau 150, in wannan bugun ya yi daidai da tsawon bututun da faɗin cikin motar sai komai ya ɗauki rawa, kai ya yi nauyi, ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Tsofaffin motocin nan da yawa giya huɗu gare su, ke nan a babbar hanya injin yana zaune ne daram a inda gunjin yake. Maganinsa shi ne kar ka cire tukunyar tsakiya ko rezoneta, wato ƙaramar tukunyar da ke rage gunji, don neman ƙara, tsarin tukunya biyu ya fi tukunya ɗaya zaman lafiya nesa ba kusa ba. Mota mai rufi irin MGB GT ko 240Z ta fi mai buɗaɗɗen sama tara gunji. Kuma don Allah kar ka yanke hukunci da bidiyo, makirfon waya ba ya ɗaukar wannan ƙarar mai kauri, ka nemi mai irin motarka da ya sa irin salansar, ka roƙe shi ya ɗauke ka ku hau babbar hanya ku yi tafiya mai ɗan nisa da gilashi a rufe.

Masu 911 mai shan iska ku naku ya wuce maganar murya, domin hitar motar daga salansa take samun zafi, akwai akwatin ƙarfe da ya lulluɓe bututun hayaƙi, iska na bi ta ciki ta ɗumama ta shiga wurin zama. In ka sa hedas tsirara ka rasa hita da abin da ke share hazo a gilashin gaba, in kuma akwatin ya tsufa bututun ciki ya tsage to hayaƙi ne zai riƙa shigo maka kai tsaye. Shi ya sa akwatunan sitenles irin na kamfanin SSI suka yi suna. Waɗanda ke mayar da motocin 1975 zuwa sama kan tsarin hayaƙi na kafin lokacin su sani cewa abin yana jawo canjin tukunyar baya zuwa mai bakin shigar hayaƙi biyu, da canjin wasu bututun man inji, ba abu ɗaya za ka saya ba.

Doka kuma ka duba ta inda motar take da rajista kafin ka biya. A Amurka yawancin motoci daga samfurin 1975 suna da katalis, wato tukunyar da ke rage gubar hayaƙi, kuma dokar tarayya ta hana cire shi, Kalifoniya ta sa iyakar ƙara desibel 95 ga ƙananan motoci. In kana da niyyar shiga filin tsere, da yawa a Ingila suna gwada ƙara da na'ura rabin mita daga bakin bututu kafin su bar ka ka shiga, iyakar takan kasance wajen desibel 105, wasu wuraren ƙasa da haka.

Kafin ka danna oda ka tambayi abin da ke cikin kwalin, akwai gasket, maɗaurai, robobin rataya da ƙarfen da ke riƙe bututu a jikin giyabos, ko bututu kawai za a turo maka? Yana hawa kan maratayan asali ko sai an yi walda? Ta ina ya bi aksil na baya, kuma ina ne ya fi kusa da ƙasa? E-Type da Austin-Healey 3000 dama can a ƙasa suke sosai, in tukunya ta sauko ko da santimita biyu ne kowane tudun kan hanya sai ya gaisa da ita. Ka sa a yi maka ramin sensa na auna iska da mai a bututun gaba tun yanzu a toshe shi da noti, ranar da za a saita kafireta za ka gode wa kanka.

Wajen ɗaurawa, ka fara jiƙa tsofaffin notunan manifol da man sassauta tsatsa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin in ɗaya ya karye a cikin tof aikin ya canza salo gaba ɗaya. Ka duba sit ɗin inji, in robarsu ta mutu inji ya zauna ƙasa ko ya karkata, sabuwar salansa ba za ta taɓa daidaita ba kuma za ka ɗora wa kamfanin laifi a banza. Mota ta hau kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi ko rami, kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A rataya komai sako-sako tun daga gaba har baya, a daidaita, a tabbatar akwai tazarar kamar yatsa biyu tsakanin bututu da jikin mota, da bututun birki da na fetur, sannan a bi a ɗaure daga gaba zuwa baya. Notin tagulla a kan manifol ya fi, ba ya kamawa da tsatsa.

Hedas yana watsa zafi fiye da ƙarfen zubi nesa, kuma a motocin da kafireta ke zaune a samansa kai tsaye fetur yana iya tafasa a ciki, mota ta riƙa shaƙewa a cunkoso ko ta ƙi tashi in ta yi zafi. Farantin kare zafi na ƙarƙashin kafireta dole ya koma wurinsa, in ya lalace a sa sabo. Fentin seramik ciki da waje yana rage zafin sosai. Naɗe bututu da ƙyallen zafi kuwa ni ba na so a motar titi, yana riƙe danshi kuma yana sa ƙarfen ya gaji ya tsage da wuri.

Bayan an gama, injin yanzu yana numfashi daban, sau da yawa iska takan yi yawa mai ya yi kaɗan, alamarsa ita ce tari ko harbi ta baya in ka ɗaga ƙafa, jinkiri in ka taka, da fulogi da ya yi fari fat. Masu kafiretar SU wataƙila sai an canza allura, masu Weber a canza jet, a sake duba tayimin. Da na'urar aunawa, in an taka mai har ƙasa ana son a ga wajen 12.5 zuwa 13 na iska a kan 1 na mai, in ya haura haka sosai bawul da fistin ne za su sha wuya. Harbi ta baya kuma wani lokacin ba daga kafireta ba ne, huci ne a wata mahaɗa da ke zuƙo iska, don haka ka bi mahaɗun da ido ka nemi baƙin toka kafin ka taɓa saiti.

Ka bar motar ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku sannan ka sake bin notunan manifol da maɗaurai, za ka tarar sun saki. Ka duba cewa bakin bututun ya leƙo waje ya wuce ƙarshen jikin mota, musamman a 240Z wadda aka san ta da zuƙo hayaƙi ta ƙofar baya in robobinta sun tsufa, iskar da ke kisa a cikin hayaƙi ba ta da wari ba ta da launi, in ka ji ciwon kai ko jiri a tuƙi ka tsaya nan take ka buɗe ko'ina, kar ka sake hawa sai an gano inda yake shigowa. Tsohon manifol da maratayan asali da ka cire kuma ka goge su ka shafa musu mai ka ajiye a busasshen wuri, wasunsu ba a ƙera su yanzu, kuma duk wanda zai sayi motar nan gaba zai tambaye ka su.